La'adar da Na Ƙi Biya a Katsina

Duk wanda zai kai ziyara Katsina, wurare uku ake lissafa masa: ya hau hasumiyar Gobarau, ya leƙa tsohuwar Kwalejin Katsina, ya tsaya Ƙofar Soro a ɗauke shi hoto. Ba mai ce masa ya je kasuwar dabbobi ya sami gefen benci ya saurari dillalai. Ni ma ba wanda ya ce mini, kuma ko an faɗa da ban ji ba, domin a lokacin gani nake na gama sanin garin tun kafin in iso. Sai da na kusa jawo wa gidan kawuna abin faɗe, ana gab da Babbar Sallar 2018, sannan na fara gane inda na zo.

A Kaduna aka haife ni, can na yi karatu, can nake aiki. Mahaifiyata ce 'yar cikin birnin Katsina, kuma a bakinta na fara jin sunayen unguwanni irin su Albaba da Gafai da Masanawa da Yarinci da Rafin Daɗi. Rabona da garin tun ina firamare. Da na ƙudura zuwa yin Sallah wajen yayanta, sai na yi abin da ɗan boko ya saba, na tara littattafai na hau karatu.

Abin da littattafan suka faɗa gaskiya ne, ba ni da ja. Kafin jihadi, Katsina ce babban masaukin ayarin Sahara a ƙasar Hausa. Raƙuma na gangarowa daga Agadas, wasu tun daga Gat da Gadamas, da gishiri da takarda da tufafi da duwatsun ado, su koma da fatu da saƙi da hatsi, da kuma bayi, abin da ba mu cika son ambata ba. Inda dukiya ta taru, malamai na taruwa. A ƙarni na 17 aka yi Wali Ɗan Masani da Wali Ɗan Marina, kuma masanin lissafin nan Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, da sunan garin duniya ta san shi. Sai jihadi ya zo, Ummarun Dallaje ya karɓi birnin wajen 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa har suka kafu a Maraɗi, aka shafe shekaru ana kai wa juna hari. Farke ba ya son hanyar da ake tare shi, don haka fatake suka karkata Kano. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya iso a farkon 1851, ya tarar da ganuwa mai kewayen kusan mil 13, amma ya ƙiyasta mutanen ciki ba su wuce 7,000 zuwa 8,000 ba. Galibin abin da ganuwar ta rufe gonaki ne da kufai.

A kan wannan na yanke hukunci cewa kasuwar Katsina ta ci ta watse tun tuni, saura gine-gine. Da wannan ido na shigo ta Ƙofar Ƙaura, da shi kuma na yi yawona. Na je Ƙofar 'Yanɗaka da Lugga ya shigo ta cikinta a 1903. Na zagaya ɗakunan kwalejin da aka buɗe a 1922, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu gidan adana kayan tarihi. Na hau Gobarau ina haki ina dafa bango, na sauko, na ji a raina na gama Katsina.

Abin da ban kula da shi ba shi ne daji yana bakin ƙofar garin. Ka fita ta hanyar Jibiya ko ta Batsari ko ta Kaita, kafin ka gama hira ɗaya gidaje sun ƙare, sai gero da ya fid da kai, sai yara da garke. Ta yamma da kudu maso yamma akwai Dajin Rugu, wanda ya ratsa ƙasar Batsari da Safana da Ɗanmusa ya haɗe da dazuzzukan Zamfara, makiyayar Fulani ce tun kaka da kakanni. Ta arewa jigawa ce har iyakar Nijar, kuma tsakanin Katsina da Maraɗi bai kai nisan Katsina da Kano ba. Kasuwannin mako, na kusa da na nesa, kowace da ranarta: Batsari Alhamis, Jibiya da Mai'aduwa Lahadi, haka har mako ya zagayo. Abin da aka kasa a can shi ke kwararowa birni, wani kuma a loda shi a tirela a yi Legas da Fatakwal. Ayarin raƙuma ne ya daina zuwa. Cinikin da ke tsakanin birni da daji bai taɓa tsayawa ba, kuma mutanen da ke riƙe da shi suna nan da ransu. Ɗaya daga cikinsu na je na yi wa rashin kunya.

Na faɗa wa Kawu cewa ragon layyar gidan bana ni zan saya. Ya yi murna, ya sa mini albarka, ya kwatanta mini rumfar wani amininsa dillali, ya ce, "Ka tahi wajen Alhaji, ka ce ni na aiko ka. Kada ka taya kowane rago sai yana tsaye."

Kasuwar dabbobi ana gobe-jibi Sallah sai wanda ya gani. Ƙura da taɓo a haɗe, kukan tumaki, masu harawa da dusa suna ratsa mutane, yara na tallar igiya da wuƙa. Ga Balami farare masu tsayi da lanƙwasasshen hanci, ga Uda mai launi biyu, gabansa baƙi ko ja, bayansa fari, ga 'yan ƙasa masu baƙin zobe a ido. Na sami Alhajin, dattijo siriri, da ƙaramar sanda a hannu. Na gaishe shi, ya tambayi Kawu da mutanen Kaduna, ya sa aka jawo wani Uda. Ya buɗe bakinsa ya nuna mini haƙora, ya danna gadon bayansa, ya ɗaga ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ya sa aka tafiyar da shi in ga ba ya ɗingishi. Duk wannan mai ragon na zaune gefe a kan buhu bai ce uffan ba. Na taya, Alhaji ya waiwaya ya dube shi, ya ce albarka. Na ƙara, albarka. Alhaji ya je ya tsuguna kusa da shi suka yi ƙus-ƙus, ya dawo ya faɗa mini inda za a sallama, ya ce ban da la'ada.

A nan shaiɗan ya shiga. Na daɗe ina cikin masu cewa 'yan tsakiya ne ke tsadar da komai a ƙasar nan, manomi ya sha wahala, mai saye ya sha tsada, wani yana zaune a inuwa yana karɓa. Na sha faɗin haka a ofis ana gyaɗa mini kai. Sai na buɗe baki, a gaban yaransa da mai ragon, na ce, "Baba, to la'adar ta mece ce? Ga mai rago, ga ni. Kai me ka yi?"

Wurin ya yi tsit. Dattijon bai ɗaga murya ba, bai ma ɓata fuska ba. Ya miƙa wa yaronsa igiyar, ya ce, "Ba komi, ɗan Kaduna. Zagaya ka gani, Allah shi ba da sa'a. Ka gaida mani kawunka." Da a wani garin ne da na sha zagi, kuma da ya fi mini sauƙi. Katsinawa ba haka suke hora mutum ba.

Na fito daga kasuwar ina cika ina batsewa. Ban yi nisa ba, a wani lungu bayan shaguna, na ga samari biyu da babur, suna riƙe da Uda wanda ya fi na Alhaji girma da ƙiba. Ɗaya ya yafito ni. Ina so in faɗi abin da na gani a lokacin daki-daki, domin daga baya na daɗe ina nuna kamar ban ga komai ba. Igiyar sabuwa ce fil, ba ta yi kama da wadda dabba ta kwana da ita ba. Ragon na ta fizga yana kuka, ba ya yarda su taɓa kansa. Wanda ke kan babur bai kashe injin ba. Na tambaye su me ya hana su shiga kasuwa, suka ce gudun kuɗin shiga da na dillalai, amsar da ta yi mini daɗi don ta dace da abin da na gama faɗa. Na ce daga ina? Suka ce daga ƙauye. Wane ƙauye? Ban tambaya ba. Na yi tayin raini, kusan rabin kuɗin wancan, ina jiran a ce albarka. Ba su ce ba. Suka dubi juna, ɗaya ya ce in kawo.

Bahaushen da ya yi kiwon rago da hannunsa ba ya sallamawa a tayin farko, ko da yunwa ce ta koro shi. Ko yaro ya san wannan, ni ma na sani. Zuciyata ta buga, na danne ta, na ƙirga kuɗi, na tsayar da keke napep.

Na iso gida ina taƙama. Kawu ya fito zaure, ya zagaya ragon, bai yaba ba bai kushe ba. Tambaya ɗaya ya yi: "A hannun wa?" Na ba shi labari har da ƙarin gishiri, yadda na tsallake 'yan la'ada. Ya kama kunnen ragon na hagu ya duba, an tsaga shi wuri biyu, tsohuwar tsaga da ta warke. Ya saki, ya ce a shigar da shi cikin gida kada a ɗaure shi a waje. Sannan ya aiki yaro kasuwa.

Bayan La'asar sai ga Alhaji, mutumin da na ci wa fuska da safe. Bai dube ni ba. Ya duba kunnen, ya ɗaga ƙafar gaba ta dama ya sami tabon ƙuna, ya ce, "Shi ne." Ashe tun shekaranjiya cigiya ta iso musu daga wani ƙauye ta hanyar Batsari: an haura gidan wata dattijuwa da dare an kwance raguna uku daga turke. Ɗanta ya bi kasuwanni yana kwatanta kamanninsu, kuma haka ake yi. Wanda aka yi wa sata wajen shugaban dillalai yake fara zuwa, a faɗi launi da tsagar kunne da duk wani tabo, labari ya bazu daga rumfa zuwa rumfa, daga wannan kasuwa zuwa waccan, da can ta bakin masu zuwa cin kasuwa, yanzu har da waya da hoto. Shi ya sa ɓarawo ke tsoron shiga da dabba cikin kasuwa. Dillali ba ya karɓar igiya daga hannun wanda bai sani ba sai wani sananne ya tsaya masa, domin in magana ta taso bayan wata guda, shi za a kama. Samarin nan sun san da haka. Lungu suka nema, suka jira irina.

Kawu bai tsaya wata-wata ba. Ya sa babbar riga ya ce mu je wajen mai unguwa kafin Magariba. A hanya na ce, "Kawu, ba sai mu kira masu shi su zo su ɗauka shiru ba?" Ya ce, "Kai yaro ne. Gara mu kai kanmu da a biyo sawu a same shi a gidana." Sai daga baya na fahimci girman abin. A shekarun nan satar shanu ta riga ta zama annoba a yammacin jihar. Gwamnatin Aminu Bello Masari ta yi sulhu da ɓarayin daji a Ƙanƙara a watan Janairun 2017, an ɗan sami lafawa, amma zuwa 2018 abin ya fara dawowa, kuma mutanen ƙauye sun kai wuya. 'Yan sa-kai na bin sawun dabbobi, kuma wanda aka samu da ta sata ba kullum ake tsayawa jin ta bakinsa ba. Ko ba a taɓa lafiyar kowa ba, a ce an fito da ragon sata daga gidan dattijo a cikin birni, a unguwar da aka san kakanninsa, magana ce da za a riƙa yi wa jikokinsa gori da ita.

Muka zube gaban mai unguwa. Kawu ya ce, "Ranka shi daɗe, ɗanka ne ya yi baƙunta." Bai ce na yi wauta ba, bai kuma ce an cuce ni ba. Alhaji ya ba da shaidar cigiyar, aka rubuta, aka sanar da hukuma, aka buga wa ɗan matar waya.

Washegari da hantsi suka iso, shi da mahaifiyarsa. Tsohuwa ce ƙarama, da mayafi da ya koɗe. Tun daga soro ta yi wani ɗan sauti da harshe, ragon da ya kwana yana fizga ya tsaya cak, ya juyo ya nufe ta har igiya ta tsayar da shi. Ba a nemi wata shaida ba bayan wannan. A hirar da ta biyo baya na ji yadda abin yake. Bayan Sallar bara ta sayi 'yan raguna uku da kuɗin adashi, ta turke su shekara guda, dusa da harawa da ƙaiƙayi da ruwan tsari, rani da damina, da niyyar sayarwa a wannan makon ta yi wa autarta kayan ɗaki. Haka dubban mata ke yi a karkarar Katsina, turke shi ne asusunsu. Sauran ragunan biyu kuwa ba a ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Da za ta tafi ta juyo gare ni ta ce, "Ɗana, Allah shi yi maka albarka, Allah shi tsare ka da asara." A zatonta ni ne mutumin kirkin da ya gane kayan sata ya mayar. Na buɗe baki in gyara, Kawu ya harare ni, na yi shiru na ce amin. A duk abin da ya faru ba abin da ya ƙona ni kamar wannan addu'a da na karɓa ba da haƙƙina ba.

Da dare muna zaune a zaure, Kawu bai yi mini faɗa ba, labari ya ba ni. Ya ce zauren nan da muke ciki, a zamanin kakansa masauki ne. Buzaye da mutanen arewa in sun zo da kaya nan suke sauka. Mai gida ya ba su wurin kwana da abinci, ya ajiye musu kaya, ya sa dillalansa su nemo masu saye, in an sayi kaya bashi shi ne jingina, in mai saye ya gudu shi zai biya. Baƙo bai san kowa a gari ba, gari bai san baƙo ba, fatoma, wato mai masaukin, shi ne ya san su duka biyun, kuma da sunansa ake ciniki. Abin da yake samu a kai shi ne la'ada. Ya ce, "Da ba don irin su Alhaji ba, wa zai ɗauko dukiyarsa daga Agadas ya kawo garin da bai da uwa bai da uba?"

Abin haushin shi ne na san wannan, a takarda. Na karanta yadda Abner Cohen ya bayyana Hausawan Sabo a Ibadan cikin littafinsa na 1969, inda shanu ke zuwa daga arewa a sayar wa mahautan Yarabawa bashi, ba takarda ba sa hannu, sai amanar mai gida da dillalansa. Na karanta Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa, nan kudu da Katsina kaɗan, a shekarun 1960, ta kuma yi rubutu kan masu masauki da dillalai a kasuwancin Afirka ta Yamma. A littafi abin ya burge ni har na ja layi a ƙarƙashinsa. Da ya tsaya a gabana da sanda da rigar da ta sha ƙura, sai na tambaye shi me ya yi.

Na koma Kaduna da wani labari dabam. Na daɗe ina ce wa abokai ɓarayi sun damfare ni a Katsina, a yi dariya, a ce Allah ya mayar da alheri. Labarin ya fi daɗin faɗa, amma ƙarya ce. Wanda aka damfara shi ne wanda bai ga alama ba. Ni na ga sabuwar igiya, na ji injin babur, na ji ba a ce albarka ba, na kuma zaɓi kada in yi tambaya ta gaba don na san amsarta za ta raba ni da arha. Kuma dabbar da zan yanka don neman kusanci ga Allah ce. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Muna zaune a birane muna la'antar ɓarayin daji, muna tambayar ina suke kai dubban shanun da suke korawa, sai ka ce ƙasa ke haɗiye su. Wani ne ke saye, wani ke lodawa, wani ke yankawa, wani ke ci, kuma a kowane mataki akwai mutumin da ya ga farashi ya yi ƙasa fiye da hankali ya kau da kai. Nawa rago ɗaya ne, amma irin kau da kan ɗaya ne.

Ba ina cewa dillalai waliyyai ba ne. Akwai mai ɓoye wa mai dabba ainihin kuɗin da aka saya, ya ci gaba ya ci baya. Akwai masu haɗa baki su danne farashi in sun ga baƙauye a matse. Akwai ma waɗanda aka kama suna shigar da dabbobin sata kasuwa, kuma irinsu sun fi ɓarawon illa, tunda da rigar amana suke aiki. Har gobe ina ganin ya kamata mai kiwo ya ji da kunnensa nawa aka sallama. Amma dillali, ko mugu ne, yana da rumfa, yana da shugaba a kansa, yana da gida da surukai a gari, kuma mako mai zuwa za ka same shi inda ka bar shi. Samarin lungu kuwa har yau ban san ko sunan ɗayansu ba.

Kafin in bar Katsina, ana jajibiri, Kawu ya raka ni kasuwa. Na durƙusa gaban Alhaji, a gaban yaran da suka ji abin da na faɗa, na ce, "Baba, na yi rashin ɗa'a, a yafe mini." Ya kama hannuna ya tashe ni. Ya ga igiyar nan a hannuna, domin tsohuwar da tata ta zo, ya yi dariya ya ce, "Adana ta da kyau, ɗan Kaduna, ba a taɓa sayen igiya da tsada haka ba a kasuwar nan." Rumfa ta kwashe da dariya, ni ma na yi, ba yadda zan yi.

Kuɗin da ya rage mini ba su isa ko ɗan ƙasa matsakaici ba. Alhaji ya kira wani Bafillace da ya zo da tumaki daga wajen iyaka, suka yi magana da Fulatanci, mutumin ya dube ni sau ɗaya ya gyaɗa kai. Na ba da abin da ke hannuna, saura sai bayan Sallah in na koma Kaduna. Mutumin bai san sunana ba, bai san inda nake ba, ba a rubuta komai ba. Ya miƙa mini rago a kan kalmar dattijon da na ce bai yi komai ba. Ranar da albashi ya shigo, kafin in biya kuɗin haya na tura cikon, har da la'ada biyu, ta wannan da ta wancan da na ƙi biya. Ya dawo mini da ɗaya ta hannun Kawu, ya ce ba a karɓar la'adar cinikin da bai faɗa ba.

A ƙarshen watan Agustan 2021, da ta'addanci ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, gwamnatin jihar ta hana sayar da dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomi 14, ciki har da Jibiya da Batsari da Safana da Ɗanmusa da Caranci da Mai'aduwa da Kaita, ta hana fitar da shanu a mota zuwa wasu jihohi, ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure. Dalilin a fili yake, a toshe wa ɓarayi inda za su sayar, kuma ban ga laifin wanda wuta ta isa ya jarraba kowace dabara ba. Amma da na kira Alhaji in yi masa jaje, abin da ya ce ya tsaya mini. Ya ce mai saniya da ɗansa ke kwance asibiti ba zai fasa sayarwa ba don an rufe kasuwa, zai sayar ne a bayan gari, da rabin kuɗi, ga wanda ya samu, kuma nan ne ɓarawo ya fi so, tunda ba mai duba kunne. Bayan 'yan watanni aka sake buɗe kasuwannin.

Ya koma rumfarsa, sai dai da yawa daga cikin waɗanda suka saba kawo masa dabbobi daga wajen Batsari ba su da abin kawowa. Wasu an kore musu garke kaf, wasu sun baro ƙauyukan suna zaune a gefen birni. Yawancin abin da ke bi ta hannunsa yanzu daga Nijar yake fitowa, shi ma da aka rufe iyaka a watan Agustan 2023 bayan juyin mulkin Yamai sai ya ja baya, har aka buɗe a watan Maris na 2024. Duk shekara ta waya nake sayen ragona a wajensa. Yaronsa ya turo hoto, shi kuma ya biyo da saƙon murya, ya faɗi kuɗi, ya faɗi sunan mai ragon da ƙauyensu da wanda ya tsaya masa, sannan ya yi ƙorafin tsadar dusa, a saka mini dabba a motar Kaduna.